Saƙon da Ya Riga Ranarsa Fita

Hambali ɗan Tibiri ne, daga wani tsohon gidan manoma da ke bayan kasuwa. Ya yi lakol, wato makarantar boko, har ya ƙare a Maraɗi, amma abin da ya fi iyawa ba a aji ya koye shi ba. Da kansa ya koyi rubuta umarnin da na'ura ke bi, a kan wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da kawunsa ya bar masa. Yana da kaifin kai, wannan kowa ya shaida. Sai dai yana da hali biyu da suka zame masa ciwo. Idan ya ga sabon abin aiki ba ya iya haƙuri, sai ya taɓa shi nan take. Kuma tun yana ƙarami ba a taɓa jin ya buɗe baki ya ce ya yi kuskure ba.

Yana da shekara ashirin da bakwai wata ƙungiyar manoma da makiyaya ta ɗauke shi aiki a Gidan Rumji. Buronsu, wato ofishinsu, ɗaki biyu ne kawai. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Usaini, yana ɗaya. Hambali yana ɗayan tare da Asama'u, wata mata mai natsuwa da ta girme shi da shekara shida, wadda ke zagaya ƙauyuka da rugage tana rubuta sunayen mutane da lambobin wayarsu.

Hambali ne ya gina wa ƙungiyar abin da ya sa aka san ta. Ya haɗa wani tsari da ke kiran wayoyin mutane da kansa, ya karanta masu saƙo da murya, domin yawancinsu ba sa karatu. Tsarin ba a cikin ordinatarsa yake zaune ba. Yana kan na'urorin wani kamfani a wata ƙasa mai nisa, irin waɗanda ake aro ta intanet, masu sana'ar suna ce masu gajimare. Asama'u ce ke ɗaukar saƙonnin da muryarta, da Hausa da Fillanci. Kowace Litinin waya za ta yi ƙara a ruga, a ji ta tana faɗin ranar rigakafin dabbobi, ko rijiyar da ta lalace, ko burtalin da aka toshe. Wanda yake da magana kuma sai ya danna ɗaya ya faɗa, ta iso buro.

Da farko makiyaya ba su yarda ba. Wanda ya fara ba da lamba shi ne Jaye, wani dattijo mai shanu wajen sittin da ke sauka kusa da Gidan Sori kowace shekara. Shi ba ya riƙe waya, ta ɗansa Surajo ya bayar. Da ya ga saƙonnin ba sa ƙarya, sai ya riƙa bin rugage yana cewa, "Ku ba su lamba. Abin da yarinyar nan ta hwaɗi, haka yake."

Saƙon da ya fi kowane nauyi a shekara shi ne na sakin gonaki. Bayan kaka hukuma kan sa rana ta ce manoma sun gama kwashe amfaninsu, makiyaya na iya shiga da dabbobi su ci kara da harawa. Kafin ranar, shigar saniya ɗaya gona na iya tayar da gari. A waccan shekarar an sa ranar, Asama'u ta ɗauki saƙon tun da wuri ta ajiye. Gajere ne. Yana cewa, "Salamu alaikum. Daga yau an saki gonaki. Kuna iya shiga da bisashenku lafiya."

Saura kwana goma sha tara ranar ta zo, Hambali ya ci karo da wani sabon abin aiki a wajen kamfanin. Abu ne da ake ba shi rana da lokaci, idan sun cika ya tashi aiki da kansa ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Ya juya allon ordinatar wajen Asama'u.

"Yaya Asama'u, dubi wanga abu. Ranar sakin gonaki ko muna gida kwance, shi zai kira kowa."

Ta leƙa, ta ce, "Madalla. Amma da wane saƙo za ka gwada?"

"Da na gaskiyan mana. In ba da shi ba ya zan san yana aiki?"

"A'a, Hambali. Bari in ɗauko maka wani da ke cewa gwaji ne. Kuma ka sa shi kan lambobinmu uku, tawa da taka da ta Alhaji, kamar yadda muka saba. Yanzu zan tahi Gidan Sori, gobe da sahe sai mu yi tare."

Ya yi dariya. "Gobe? Abin da bai wuce minti biyar ba?"

"Ka dai jira," in ji ta. Ta ɗauki jakarta ta hau kabu-kabu ta tafi.

Bai jira ba. Lambobi uku ba za su nuna masa ƙarfin abin ba, shi so yake ya ga yadda zai yi da mutum ɗari huɗu. Akwai wani ɗan wuri da ake dannawa a ce wa tsarin ya yi kamar yana kira amma kada ya kira kowa. Hambali ya ɗauka ya danna shi. Bai koma ya duba ba. Ya sa saƙon sakin gonaki, ya sa jerin makiyaya duka, ya sa lokacin ƙarfe biyu na wannan rana. Daidai nan aka kira azahar, ya tashi ya tafi masallaci. Daga can ya tsaya wajen mai tuwo.

Da ya dawo ya ga allon yana motsi. Sunaye suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowane an rubuta ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba. Ya tsaya yana kallo, bai fahimta ba. Sai ya gane. Ya faɗa kan kujera ya tsayar da abin. Allah ya sa rezo, wato layin waya, ba shi da ƙarfi a ranar, mutum talatin da ɗaya kawai aka kira. Tara sun ɗauka sun saurara har ƙarshe. Na huɗu a cikinsu Surajo ne.

Mutum tara. Lambobinsu na gabansa, wayarsa na aljihu. Ya fito da ita har ya fara danna ta farko, sai ya tsaya. Idan ya kira, makiyaya za su gaya wa Asama'u, ita kuma ta gaya wa Alhaji. Sati mai zuwa kuma akwai babban taro a Maraɗi inda zai tsaya gaban baƙi ya nuna tsarinsa, ya ce bai taɓa kuskure ba. Ya ce a ransa, ai makiyayi yana da ido, zai ga wake bai gama fita daga gona ba, ba wanda zai shiga. Ya mayar da wayar aljihu. Sannan ya buɗe wurin da tsarin ke rubuta duk abin da ya yi, ya goge na wannan rana gaba ɗaya.

Washegari Asama'u ta tambaye shi ko su yi gwajin. Ya ce ya fasa, abin bai yi masa ba.

Jaye kuwa ya ji saƙon da kunnensa, domin Surajo ya buɗe muryar wayar kowa ya ji. Ya yi mamakin saurin ranar, amma ya ce wataƙila hukuma ta sake shawara saboda kiwo ya yi wuya. Ya kwana biyu yana shiri. A rana ta uku da hantsi suka kora shanu zuwa gonar Tahiru, wani manomin Gidan Sori da suka yi shekara ashirin suna hulɗa. Duk rani shanun Jaye ke kwana a gonarsa su bar masa taki. Gefen da suka shiga an cire hatsi, sai kara. Amma can ciki akwai wake da ba a ɗiba ba, kuma shanu sittin ba sa tsayawa inda aka ce su tsaya.

Mata masu ɗibar wake suka yi kururuwa. Samari suka fito daga gonakin kusa da sanduna da hauya. Jaye yana ɗaga hannu yana cewa an saki gonaki, an kira su a waya, ba mai jin sa. Tahiru ya shiga tsakani yana rabo, aka sare shi a hannun dama. Surajo ya durƙusa zai ɗaga shi, sanda ta same shi a ƙeya. Har yau ba a san hannun wa ta fito ba. Aka ɗora shi a amalanke za a kai shi asibiti, ya cika a hanya. Wayarsa an tattake ta a cikin rikicin.

Jandarma suka kama samari huɗu, suka kama Jaye. Da ya ce saƙon ƙungiya ya bi, sai suka zo buro. Alhaji Usaini ya kira Hambali da Asama'u.

"Hambali, wani kira ya fita ranar Talata?"

"Babu, Alhaji. Ga shi ku duba." Ya juya allon. Ranar Talata fayau take, ba komai.

Babban jandarman ya dubi Asama'u. "Madam, dattijon ya ce muryarki ya ji."

Asama'u ta dubi allon, ta dubi Hambali. Ya gyaɗa mata kai. Ta ce, "Na ɗauki saƙon, amma ba a aika shi ba. Ranarsa ba ta zo ba." Ta sa hannu a takarda.

Mutum biyu daga rugar Jaye sun rantse sun ji saƙon, aka ce danginsa ne, dole su kare shi. Sauran da suka ɗauki kiran suna can nesa da dabbobinsu, ba wanda ya neme su. Aka kai Jaye gidan kaso a kan ya sa shanu gona da gangan, ya kuma ƙara da ƙarya.

Hambali ya je taron Maraɗi, ya yi bayani, aka tafa masa. Da ya sauko ya shiga ban ɗaki ya yi amai.

Ya san abu ɗaya da ba wanda ya sani a buro. Abin da ya goge na gefensa ne kawai. Kamfanin yana riƙe nasa kwafin har kwana casa'in, sannan ya share shi har abada. Sai ya fara ƙirga kwanaki. Ya ce idan casa'in ta cika shi ke nan, zai samu sauƙi.

Bai samu ba. Kowace Litinin tsarin yana kiran mutane kamar yadda ya saba, ya kawo masa rahoto da safe. Kowace Litinin kuma, a layi na huɗu, sai ya ga: Surajo Jaye, an kira sau uku, waya a kashe, za a sake gwadawa. Na'urar ba ta san ya mutu ba. Sau da yawa Hambali ya kai hannu zai cire sunan, sai ya ji kamar wani na tsaye a bayansa yana kallo, ya janye. Ya daina cin tuwon rana. Idan waya ta yi ƙara a kasuwa sai ya zabura. Wata rana yana kan moto garken shanu ya tare masa hanya, makiyayin ya ɗaga sanda yana gaishe shi, Hambali ya kasa amsawa, ya tsaya gefen hanya gumi na zuba har suka wuce. A sallah yakan manta raka'a nawa ya yi. Mahaifiyarsa ta ce ko an yi masa wani abu ne, ta aiko masa da rubutu daga Tibiri. Ya sha, ba abin da ya canza.

Asama'u ma ta rame. Rugage sun daina karɓarta. Inda da ake shimfiɗa mata tabarma a kawo nono, yanzu mata na shigewa bukka idan sun hango ta. Ta ce masa, "Ni abin da ke damuna, Baba Jaye bai taɓa yi mini ƙarya ba. Mi zai sa ya fara da tsufansa?" Hambali ya ce bai sani ba, idonsa na kan allo.

A Litinin ta goma sha ɗaya, saura kwana goma sha huɗu casa'in ta cika, ya buɗe rahoto kamar kullum. A layi na huɗu an rubuta: Surajo Jaye, an ɗauka, an bar saƙo.

Ya daɗe yana kallon rubutun. Asama'u na zaune a teburinta tana jera takardu. Ya so ya sa abin kunne, hannunsa ya kuskure, muryar ta fito ɗakin duka ya ji. Muryar mace ce, tana magana a hankali da Hausar da ba ta zauna a bakinta sosai ba.

"Ni ce Safina, matar Surajo. Na sa layinshi a wayar ƙanena don in ga ko wani zai kira. Sai ke. Ke mai muryar nan, ni ban san ki ba. Ranar nan ina dama fura na ji ki, kin ce mu shiga lahiya. Na ji da kunnena. Sun ce kin ce ba ki kira ba. To yau ma ba ki kira ba? Surajo ba ya nan. Baffa yana kaso, ba ya cin abinci. Ɗiyata tana tambaya. Ni ba ni da abin da zan yi miki. Amma Allah ya ji ki ranar nan, kamar yadda na ji ki."

Saƙon ya ƙare. Takardun da ke hannun Asama'u suka zube ƙasa. Ta juyo ta dube shi.

"Yaya Asama'u," ya ce. "Ni ne. Na gwada ranar da kika ce in jira. Ya kira su. Na goge."

Ta dafe teburin. "Ka sa na sa hannu."

"Na sa."

"Ka sa na ƙaryata dattijo yana cikin makokin ɗanshi. Da muryata, Hambali. Da muryata aka kira yaron nan." Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai tsawo. Da ta gama ta share ido ta ce, "Akwai sauran shaida?"

"Akwai, wajen kamfanin. Saura sati biyu ta ɓace."

"To fiddo ta yanzu ina kallo."

Ya fiddo. Abin bai ɗauke shi minti goma ba. Sunaye talatin da ɗaya suka fito a takarda, da rana da lokaci, da tsawon da kowa ya saurara. Suka kai wa Alhaji Usaini. Ya karanta, ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa, ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Su uku suka taka zuwa wajen jandarma, Hambali ya faɗi komai da bakinsa.

Bayan sati uku alƙali ya saki Jaye. Hambali aka yanke masa wata takwas saboda ɓoye shaida. Kafin a tafi da shi, Jaye ya ce yana so ya gan shi, kuma a buron da aka yi abin. Aka kawo Hambali da jandarma ɗaya a gefensa. Jaye ya shigo yana dogara sanda, ya rame har rigarsa na lilo a jikinsa. Tahiru ne ya rako shi, hannunsa na dama a shanye, ba ya iya riƙe hauya kuma.

Hambali ya durƙusa. "Baba, ku yafe mini."

Jaye ya dube shi. Ya ce, "Yaro, zan tambaye ka. Lokacin da abin ya kira mu, ka sani?"

"Na sani, Baba. Bayan awa ɗaya na gani."

"Daga ranar zuwa ranar da muka shiga gona, kwana nawa?"

"Kwana biyu."

"Kana da lambar Surajo?"

"Ina da ita."

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali. "Kuskure kowa na yi. Ni ma na ga wake da idona, na bi waya. Wannan nawa ne, zan tahi da shi kabari. Amma kwana biyu kana da lambarmu." Ya dubi ordinatar da ke kan tebur. "An ce har yanzu abin nan yana kiran ɗana."

"Yana kira, Baba."

"Tashi ka cire shi. Ku bar shi ya kwanta."

Hambali ya tashi ya zauna gaban allon. Ya nemo layi na huɗu. Na'urar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Sunan ya ɓace, na ƙasa ya hau wurinsa. Jaye ya juya ya fita, Tahiru ya bi shi. A wannan rani Jaye ya kwashe rugarsa ya yi gabas wajen Gangara, bai sake sauka a Gidan Sori ba. Ƙungiyar ta rufe tsarin kiran, domin ba wanda ya ƙara yarda ya ɗauka. Asama'u ba ta ƙara ɗaukar muryarta a na'ura ba. Hambali ya gama wa'adinsa ya koma Tibiri, yana noma gonar gidansu. Masu wucewa sukan gan shi ya tsaya cak a tsakiyar kunya da hauya a hannu, yana sauraron abin da ba wanda ke ji sai shi.

Mai karatu, darasin da ke cikin labarin nan biyu ne. Na farko, na'ura ba ta san wasa ba, ba ta san gwaji ba, abin da ka umarce ta shi take yi, kuma a ƙarshen kowace lamba akwai mutum mai rai da ya yarda da kai. Don haka duk mai gwada sabon abin aiki ya gwada shi a inda ba zai taɓa kowa ba, ya duba sau biyu, ya saurari abokin aikin da ya ce a jira. Na biyun ya fi na farko nauyi. Idan kuskure ya riga ya fita, ka faɗa nan take, tun gyaransa bai wuce kira tara ba. Gaggawar Hambali ce ta aika saƙon, amma girman kansa ne ya bar shi ya yi kisa. Kunyar yini ɗaya da ya guje wa, ga shi yana ɗauke da abin da ya fi ta har ƙarshen ransa.